Ɗan Aike a Kicin ɗin Gidan Sulhu

An kira ni da sunaye iri-iri a rayuwata, wasu na cancanta, wasu ɗora mini aka yi. Amma maƙaryaci sau ɗaya tak aka taɓa kirana, a rubuce kuma, har da sa hannu, a wani gida da ke kan iyakar Faransa da Jamus wanda aka buɗe don sulhunta mutane. Shekaru sun tura, haƙorana sun fara zuba, amma har yau in na tuna sai na ji wuyana ya ɗauki zafi.

Sunana Abdu, mutumin Wurno. A lokacin ina malamin gona na hukumar En'e, ina yawo a kan keke tsakanin fadamun Wurno da Rabah da Goronyo. Mahaifina Malam Isa ba alƙali ba ne, ba shi da sarauta, amma in rigima ta gagari kowa shi ake aika wa doki. Wata shekara shanun wani Bafulatani suka tattake albasar wani manomi a Boyekai, har an fara wasa wuƙaƙe, Baba kuwa yana kwance da ciwon ƙafa, sai ya tura ni. Kwana uku ina kai da kawowa tsakanin ruga da gari, ran na huɗu mutanen nan suka ci tuwo a akushi ɗaya. Di'o, Baturen mulkin yankinmu, yana rangadi ya ji labari. Shi ya rubuta wa wasu abokansa da suka kafa gidan nan bayan babban yaƙin Turawa, ya ce ga wani ɗan Afirka da ya kamata su gani. Aikin sa kai ne na wata shida, ba albashi, sai abinci da wurin kwana. Ni kuwa da rawar kai na ɗauka koyarwa za ni.

Jirgin ruwan da ya ɗauke mu daga Ikko ya fara sauke mini girman kan. Aka ba ni gado a can ƙasa kusa da inji, na yi kwana biyar ina amai, ban san gabas ba balle in fuskance ta. Wani kuku mutumin Saliyo ya riƙa kawo mini ruwan zafi da lemun tsami, bai taɓa tambayar sunana ba. A Libaful na tarar da ruwan sama mara tsawa mara iska, yana zuba kawai kamar an manta ba a rufe shi ba. A Landan ban ga komai ba sai tasha.

A Faris aka yi mini wankin babban bargo. Wani mutum mai hula da maɓallan ƙarfe a riga ya karɓi takardata, ya duba, ya gyaɗa kai da muhimmanci, ya ɗauki jakar fatata ya nuna mini da hannu cewa zai sa ta a jirgi. Na yi masa godiya har da rusunawa. Da shi da jakar ban sake ganin ko ɗaya ba. Kilishina yana ciki, da goron da mahaifiyata ta naɗe mini a ganye, da rigar sanyin da matar Di'o ta ba ni. Haka na shiga jirgin ƙasa da akwatin ƙarfe da babbar riga, haƙorana suna haɗuwa. Wata tsohuwa da ke zaune gabana ta dube ni, ta ciro dafaffen ƙwai daga kwandonta ta miƙo mini, ta mai da kanta taga. Na riƙe shi a tafin hannu har ya huce kafin na ci.

Gidan yana kan tudu cikin itatuwa, tsohon gini ne mai ɗakuna barkatai. Shugabansa wani Bature ne ɗan Ingila, Mista Godon, dogo, mai taushin murya, wanda murmushi ba ya barin fuskarsa ko da faɗa yake yi maka. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce a nan babu babba babu yaro, kowa yana aiki. Na ce madalla. Washegari aka ba ni wuƙa da buhun dankalin Turawa. Ban damu da wannan ba, don na ga wani da aka ce a da minista ne yana wanke tukwane. Abin da ya dame ni shi ne duk ranar da baƙi za su zo, sai a aiko in wanke hannu in sa babbar riga da hula in tsaya a bakin ƙofa, a ɗauki hoto. In baƙi sun wuce in tuɓe in koma ga dankalina.

Dokar gidan guda ɗaya ce ta fi sauran nauyi: gaskiya tsirararta, ba ƙarya komai ƙanƙantarta. Kowace yamma bayan cin abinci sai a taru a babban zaure, mutum ya miƙe ya zazzage abin da ke cikinsa. A ranar farko na ga wani magidanci ya tashi, a gaban matarsa da 'yarsa budurwa, ya faɗi abin da ya aikata da wata mata lokacin yaƙi. Matar ta sunkuyar da kai, kunnuwanta sun yi ja, jama'a kuwa suka tafa. Ni na rasa inda zan sa idona. A garinmu wanda ya yi haka sai a ce a kai shi a yi masa rubutu. Na kwanta ran nan ina kewar Wurno kamar in yi kuka, ina tuna zauren Baba inda ake shiga da magana a fito ba wanda ya ji ta.

A kicin mutum biyu ne ke riƙe da gidan. Madam Odet Bafaranshiya ce, gajeruwa, mai kaifin harshe, ita ke da tukwane. Sojojin Jamus sun harbe ɗanta tilo a bakin wata gada. Walta kuwa Bajamushe ne, tsoho mai ɗingishi, shi ke gasa burodi a ɗakin da ke manne da kicin. Bom ya faɗa wa gidansa yana bakin daga, 'ya'yansa mata biyu suna ciki. Mista Godon ne ya haɗa su aiki da gangan. Sau biyu yana tsai da su a zaure su gaya wa juna gaskiya, suka kuwa gaya wa juna, tun daga nan shekara biyu ko gaisuwa ba ta haɗa su. Ƙofa ɗaya ce tsakaninsu, amma in miya tana jiran burodi sai an nemi mai kai saƙo.

Su biyun nan ne suka riƙe ni. Da Madam ta lura ba na taɓa nama don tsoron alade, sai ta ware mini wata ƙaramar tukunya ta ɗaura mata jan zare a hannu, ta hana kowa taɓawa. Walta ya nuna mini wani lungu bayan tanderunsa, mai ɗumi, ya share shi ya shimfiɗa buhun fulawa, ya ce in yi sallata a nan. Shi ya ba ni tsohuwar rigar sanyinsa. Kafin wata guda ina kiranta Inna, ina kiransa Baba Walta, kuma da yake kujerar firar dankalina tana daidai bakin ƙofar nan, ni na zama ɗan aike.

Saƙon farko da Inna ta ba ni shi ne in gaya wa wancan mahaucin burodinsa na jiya ko kare ba zai ci ba. Na tashi na shiga, na ce wa Baba Walta Inna tana gaishe shi da aiki, ta ce burodin shekaranjiya ya fi na jiya laushi, ko zai yi irinsa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in gaya wa mayyar ta kula da miyarta mai kama da ruwan wanki. Na dawo na ce ya ji, ya ce zai gyara.

Ko a jikina ban ji na yi laifi ba, don sana'ar gidanmu ke nan. Ranar da Baba zai tura ni Boyekai ya ja ni kusa da gadonsa ya ce, “In mutum yaz zagi ɗan'uwanai gabanka, wanga ba saƙo na ba, amana ta yab ba ka. Ka bizne ta nan inda kaj ji ta. Abin da za ya hwaɗi in hushinai ya huce, shi za ka ɗauka ka kai.” Malamanmu ma haka suka karantar da mu, cewa mai gyara tsakanin mutane ba a lissafa shi cikin maƙaryata.

Wata uku ina wannan aiki, ina tace magana kamar mai tace koko. Zagin ya fara raguwa da kansa, don wanda kullum ake kawo masa gaisuwa yakan gaji da mayar da ashar. Sai wata safiya na tarar da Inna tana yanka albasa tana hawayen da ba na albasa ba. Mai wanke kwanuka ta raɗa mini cewa a rana irin wannan ce aka kashe ɗanta. Na shiga na gaya wa Baba Walta. Ya daki ƙullun da ke gabansa, ya faɗi wata magana mai ɗaci a kan ɗan nata da 'ya'yansa. Ban maimaita ta a lokacin ba, ba kuwa zan rubuta ta a nan ba. Na tsaya har numfashinsa ya daidaita, sannan na fito na durƙusa gefen Inna na ce Baba Walta yana yi mata ta'aziyya, ya ce shi ma ya san zafin rashin ɗa. Da rana na koma na ce masa Inna ta ce ya yafe mata kalmar mahauci da ta taɓa jifansa da ita a zaure, baƙin ciki ne ya sa ta.

Kwana biyu bayan haka na ga kofi mai zafi a ajiye a kan dakalin tanderu, ba ni na kai ba. Mako na zagayowa Baba Walta ya fito da kansa ya ɗora burodi a teburinta. Suka fara da ina kwana a taƙaice, kowa yana kallon bango. Kafin ƙanƙara ta narke sai ga su a tebur ɗaya suna gardama a kan yawan gishiri. Na yi hamdala, na koma ga dankalina, ina jin daɗin da ban ji ba tun da na bar gida.

Mista Godon ya fi kowa murna. Ya ce wannan shi ne abin da aka gina gidan dominsa, kuma akwai manyan baƙi da za su zo, dole Madam da Walta su hau dandamali su ba da labarin yadda gaskiya ta 'yanta su. Ya kira su ofishinsa don su shirya abin da za su faɗa. Inna ta ce zuciyarta ta sauko ne ranar da ya aiko mata ta'aziyya. Baba Walta ya ce shi bai aiko ba, ita ce dai ta aiko neman gafara. Ta ce ita? Har abada. Kafin azahar kofi ya bar kan dakali, ƙofar tsakani ta rufe, aka aiko kirana.

Mista Godon ya ba ni kujera, ya yi mini murmushi, ya ce ya san nufina alheri ne, amma sulhun da aka gina a kan ƙarya ba sulhu ba ne. Maganin abin ɗaya ne: in tashi a zaure in faɗi kalma bayan kalma abin da kowannensu ya ce da abin da na mayar da shi, don su san ainihin inda suke, su fara daga nan. In na yi haka gidan zai rungume ni. In na ƙi, ba zan iya zama ba, kuma wajibinsa ne ya rubuta wa Di'o dalili.

Na san abin da wannan takarda za ta yi. Daga teburin Di'o za ta je ofishin En'e, malamai su karanta, kafin in sauka daga mota labari ya kai kasuwar Wurno cewa ɗan Malam Isa Turawa sun koro shi don ƙarya. Mai shiga tsakani ba shi da gona ba shi da shanu a wannan aiki, sunansa kaɗai gare shi. Ba nawa kaɗai za ta ɓata ba, har da na tsohon da ya shekara arba'in yana gina nasa.

Na yi ƙoƙarin fahimtar da shi. Na ce shekara biyu suna cin gaskiya ba ta ƙosar da su ba. Na ce maganar da mutum ya faɗa cikin fushi ba ita ce ƙarshen abin da ke zuciyarsa ba, kuma wanda ya kai kofi da hannunsa ba ni na riƙe masa hannun ba. Ya saurare ni da haƙuri irin na likita, ya ce ya gane, a al'adunmu na Afirka gaskiya ba ta da matsayin da take da shi a wurinsu, kuma don koyon irin wannan aka kawo ni. A nan ne raina ya ɓaci sosai. Mutanen da suka ƙone garuruwan juna ƙurmus, har suka zo ƙasarmu suka kwashi samarinmu zuwa Bama su taya su, su ne za su koya wa ɗan Malam Isa yadda ake zama da maƙwabci. Na haɗiye wannan ban faɗa ba, na ce ya ba ni zuwa yamma.

Yinin nan ban fere dankali ko goma ba. Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin in faɗa ɗin in huta. Zagin Inna mai sauƙi ne, kowa ya san bakinta. Amma maganar da Baba Walta ya yi a kan ɗanta, in ta shiga kunnenta a gaban mutum ɗari, ba mai sake fitar da ita har kabari. Kuma bai faɗe ta don a kai ba. Ya faɗe ta ne a gabana don ya ga ni ne nake salla a bayan tanderunsa.

Da yamma zaure ya cika. Inna tana can gefen dama, Baba Walta yana can ƙarshen hagu. Na miƙe, ban sa babbar riga ba, da rigar sanyin Baba Walta na tsaya. Na ce gaskiya ne na sauya saƙonni, tun daga na farko har na ƙarshe, ba wanda ya sa ni. Mista Godon ya gyaɗa kai cikin jin daɗi, ya ce to yanzu in gaya musu abin da aka ba ni in kai.

Na ce, “Ranka ya daɗe, wanga kam ba ni hwaɗinai.”

Ya ce ba don kansa yake tambaya ba, don 'yancin raina ne.

Na ce, “Laihina na hwaɗa, shi an nawa. Abin da sunka ce nasu na, ajiya sunka ba ni. Mi za ni ce ma Allah in na tone ta?”

Sau uku yana juya tambayar, sau uku ina ba shi amsa ɗaya. Ba wanda ya tafa. Wata mata a layin gaba ta fara yi mini addu'a a bayyane, wai Allah ya sassauta taurin zuciyata. Na zauna cike da fushi. Mutanen da na ci abinci da su wata huɗu suka riƙa wuce ni a hanyar fita suna kallona da tausayi, kuma wallahi da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi.

Aka ba ni kwana biyu in haɗa kayana. Ran tafiya da sassafe na shiga kicin in yi sallama. Inna tana tsaye a gaban tukunya, ba ta juyo ba. Ƙofar ɗakin burodi a buɗe take saboda hayaƙi, ina hango bayan Baba Walta yana murza ƙullu. Mista Godon ya biyo ni da ambulan a hannu, kwafin takardar da ya riga ya aika, don a cewarsa ba ya rubuta komai a kan mutum a ɓoye. Ya tsaya a bakin ƙofa yana jira in gama.

Na ce wa Inna na zo sallama, ta yafe mini. Ta ajiye ludayi ta juyo, idanunta sun kumbura. Ta ce sauran duk ba ta damu da su ba, abu ɗaya take so ta sani, kuma tunda tafiya zan yi ba abin da zan rasa.

“Ranar ɗana,” in ji ta, “me ya ce?”

Hannun Baba Walta ya tsaya a cikin ƙullu. Mista Godon ya matso taku ɗaya, na kuwa gane a fuskarsa cewa in na faɗa yanzu zai yaga ambulan ɗin, ya aika wata takardar ta bi ta farko. Na tuna kasuwar Wurno, na tuna Baba a kan gadonsa.

Na ce, “Inna, ta'aziyya yay yi maki. Ya ce shi ma ya san zahin rashin ɗa.”

Ta dube ni. Sannan ta taka zuwa ƙofar nan, ta tsaya a bakinta, ta yi masa magana kai tsaye ba ɗan aike.

“Walta, haka ka ce?”

Tsohon bai juyo nan da nan ba. Ya zare hannunsa daga ƙullu, ya goge a gaban rigarsa, ya cire tabarau. Ya dubi Mista Godon, ya dube ni, sannan ya dube ta.

Ya ce, “Haka na ce.”

Inna ta gyaɗa kai. Ta koma ta ɗauko kofi ta zuba, ta shiga ɗakin burodi da shi, ta turo ƙofa a bayanta.

Na juya ga Mista Godon. Murmushin ya bar fuskarsa, karo na farko tun da na san shi. Ya ji Walta da kunnensa a ofis yana cewa bai aiko ba, ya kuma ji abin da ya ce yanzu. Na jira ya buɗe ƙofar ya kira shi zaure. Bai buɗe ba. Ya tsaya yana juya ambulan ɗin a hannu, har na fara zaton zai mayar da ita aljihu. Sai ya miƙo mini, ya ce mota tana jira.

Takardar ta riga ni isa Sakkwato, ta kuma yi duk abin da na san za ta yi. Shekara uku ba wanda ya aiko gidanmu neman mai shiga tsakani, Baba kuwa ya rasu a cikin ta biyu. Mu biyu muka yi ƙarya a kicin ɗin nan da safiyar nan, a gaban shugaban gidan. Ni kaɗai aka rubuta.